Ranar da Na Kai Bawana Kan Gada

Ni karatuna a aji huɗu ya tsaya. Wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya kai ƙarar malaminmu, yana maƙabarta.

Ina da taubashi, ɗan goggona, wato bawana ke nan a al'ada. Tun muna yawo ba wando ban taɓa faɗa masa magana mai daɗi ba, shi ma haka. In ya ce mini a sauka lafiya, sai na sake duba tayoyi.

Shekarar da idonsa ya fara tafiya, likita ya ce ba ya dawowa. Ana tsakar sanyi, an gama kai dawa gida, ya zo rumfata a Dutsin-Ma yana laluben bango.

"Tashi ka kai ni gadar nan ta hanyar Kurfi," in ji shi. "In ga rafin da muke tsallakawa da jakai, tun da sauran gani."

"Yaushe bawa ya fara aiken ubangida?"

"Ubangidan da motarsa sai an tura?"

Lokacin ana iya kwana a daji ba fargaba. Muka ɗauki tsohuwar a-kori-kurata, da tamfol, da barguna biyu, da butar shayi. 'Yar tafiyar nan motar ta mai da ita ta yini guda, sai bayan magariba muka isa. Na ɗaura tamfol a jikin mota, na hura wuta da karan dawa. Sanyi har cikin ƙashi. Ya ce yana jin haƙorana na kaɗawa, na ce ai ni ina da su.

Da rana ta fito na riƙe hannunsa muka hau. Gadar tana da tsawo, in ka leƙa sai kanka ya juya. Ƙasa kuwa ba komai sai yashi, da ramukan masu tifa, da kututturen giginyar da muke hutawa a gindinta. Ya dafa ƙarfen gefen gadar, ya ware ido, ya daɗe a haka.

"Fari kawai nike gani," ya ce. "Kai mi ka gani?"

Nan na tafka ta. Na sassauta murya na ce, "Ɗan'uwa, ruwa na nan kwance gwanin sha'awa. Giginyarmu ma tana nan."

Ya saki ƙarfen.

"Ɗan'uwa? Yau ni ne ɗan'uwa? Ashe makantar ta kai haka." Ya juyo, bai ma dace da inda nake ba. "Matata ta koma lallashina. 'Ya'yana sun daina yi mini musu. Kai kaɗai ka rage mai tsokanata, shi ya sa na ce kai za ka kawo ni."

Na shiga neman baƙar magana, ni da ban taɓa rasa ta ba. Da ƙyar na ce, "To ba ruwa, ba giginya. Fili ne fetal kamar kanka."

Ya yi 'yar dariya, irin wadda ake yi wa baƙo.

Muka naɗe tamfol, ya riƙe gefe guda. Motar ma ranar ba ta nemi turi ba, da ta nema da mun sami abin faɗa. Da na sauke shi a ƙofar gidansa ya ce, "Na gode, Alhaji. Allah ya saka da alheri."

Ya ƙara shekara uku a duniya. Kowace Juma'a ina zuwa, mu gaisa cikin mutunci, in tambayi jiki, ya ce da sauƙi.