Ranar da na cire takunkumin saboda baƙi

"Ki cire abin nan daga fuskarki, 'yan dubiya ne a falo. So kike su fita su ce kin kusa?"

Gwaggo Asabe ke nan, ƙanwar mahaifina, wadda ta baro Kawaji ta tare a gidanmu don jinyata. Na kuwa cire.

Daga nan zan fara, tunda kun daɗe ba ku ji ni a shafin nan ba, har masu tambaya sun gaji sun daina.

Na yi tarin tibi ina jami'a. Na sha magani, aka ce na warke, na manta. Ashe huhuna bai manta ba. Bayan shekaru sai na fara tsayawa a tsakiyar matakalar ofishinmu ina duba waya, wai saƙo nake karantawa. Numfashi nake nema. Ni lauya ce, magana ce sana'ata, sai ga shi jimla ɗaya ina yanka ta gida uku a gaban alƙali.

Aka yi hoton ƙirji. Aka sa ni hura iska cikin wani bututu har na ga duhu. Aka ɗebi jini a wuyan hannu, allurar da ba na yi wa kowa fatanta. Likita ya ce, "Barista, huhun ya yi tabo, ba ya fitar da gurɓatacciyar iska. Ba zai koma yadda yake ba, amma za mu taimaka masa."

Taimakon shi ne na'urar numfashi ta gida: ƙaramin akwati, da mesa, da takunkumi mai rufe hanci da baki. Ita ke tura min iska idan zan kwanta, da kuma wasu sa'o'i da rana. Filinsa na unguwar Hotoro maigidana ya sayar aka saye ta, aka haɗa da sola da batura. A unguwarmu ta Nassarawa akwai manyan gidaje da manyan bishiyoyi, amma wuta sai ta ga dama.

Da na fara ganin kaina a madubi da takunkumin, na yi kuka. Kukan ma bai yiwu sosai ba, na'urar ba ta bari.

Sai dubiya ta fara.

Kun san mu. Mara lafiya ita ce ke ɗaura ɗankwali, ta zauna, ta ce da sauƙi, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya yi sallama, Gwaggo ta lulluɓe na'urar da zani kamar kayan sata. Sannan ta zagaya falo da kaskon turaren wuta, wai kada a ji warin asibiti. Ni kuma mai digiri biyu ina zaune cikin hayaƙin ina murmushi. Kowa ya fita yana yaba yadda na murmure.

Kaina ya soma ciwo. Barci ya riƙa ɗaukata ana cikin hira. Wata la'asar ina kishingiɗe, na ji wata baƙuwa tana cewa, "Ku bar ta, barcin sauƙi ne." Sun yi min addu'a a hankali, suka fita a kan yatsun ƙafa don kada su tashe ni.

Maigidana ne ya dawo ya girgiza ni, ban tashi ba.

Na farka a ɗakin kulawa ta musamman. Abin da na fara gani Gwaggo ce ta bayan gilashi, mayafinta a karkace, tana kallon irin takunkumin da ta ce in cire, ga shi a fuskata. Likita bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Baƙinki da huhunsu suka zo. Ke da wanne kika tarbe su?" Daga baya ya gaya mana abin da na rasa a wannan kwanciyar ba duka zai dawo ba.

Bai dawo ba.

Ranar da aka sallame ni, na tarar Gwaggo ta kwashe kaskon da kwalaben turaren duka, har wanda mahaifiyata ta haɗa da hannunta kafin ta rasu. Ta ce, "Na kusa kashe ki da ƙamshi, 'yar nan." Na ce, "Ai tare muka yi, Gwaggo." Har yau ina kewar ƙamshin. Gidana yanzu ba ya ƙamshin kowa.

Na gode wa Allah. Na gode wa maigidana da bai taɓa ambaton filin ba, da ma'aikatan jinya, da Gwaggo da yanzu ita ke wanke takunkumin kowace safiya.

In kuna da mai irin wannan na'urar, ku bar shi da ita ko wa ya zo. Ku tanadi batir. Ku raba shi da hayaƙi, komai daɗinsa. In barci ya yi masa yawa da ciwon kai, asibiti za ku, ba addu'a a hankali kaɗai ba. In kun je dubiya, ku gajarta.

Jiya na je ofis kwashe littattafaina, don kotu ta fi ƙarfina yanzu. Ina cikin haɗa kaya numfashi ya ƙi. Na jona na'urar da na zo da ita, na sa takunkumin, na bar ƙofa a buɗe. Abokan aikina suna wucewa, wasu su gaishe ni, wasu su kalli ƙasa. Sakatariyarmu ta leƙo ta ce, "Barista, in rufe miki?" Na girgiza kai.

Da na samu kaina, na naɗe mesar, na rataya rigata ta shiga kotu a bayan ƙofa inda take zama. Na ja ƙofar da kaina, na sauka matakalar a hankali. Da na tsaya a tsakiya, ban ciro waya ba.