Dutsen da Ke Gindin Rijiyar Baba

Rijiyar lambunmu ta fara janye ruwa tun ina ɗalibi, amma sai da na zama malamin makaranta a Kano, ina koyar da ilimin ƙasa, sannan ta ƙafe ƙaf. Ƙauyenmu yana gaba da Gezawa idan ka kama hanyar Zakirai, inda gonar wani take manne da ta wani, ba ka da wurin jefa ƙafa ba ka taka shukar mutum ba. Abin da ya rage wa Baba, mahaifina, shi ne lambun nan da 'yar gonar da ta kewaye shi. Tun rasuwar Inna shi kaɗai yake a gida, a lambun yake wuni. Da kyar na shawo kansa muka yi alkawari: idan rijiyar ba ta kawo ruwa ba kafin damina, zai dawo gidana a birni, a sallama wa masu yanka fuloti wurin, don sun daɗe suna zarya.

Ni dai Allah ya yi ni da gajen haƙuri, kuma ban iya ɓoye abin da ke raina ba. Na ce, "Baba, rijiyar nan fa ta mutu. Kowa ya haƙa burtsatse ya zuƙe ruwan."

Ya ce, "Rijiya ba ta mutuwa, Malam, sai dai mai ita ya gaji." Malam yake kirana tun da na fara koyarwa, kuma duk sanda ya ja sunan na san ba'a ce.

Ya ɗauko wani mai haƙar rijiya daga ƙauyen gabanmu, ƙaƙƙarfan mutum mai jan baki saboda goro. Ya shiga ya yashe taɓo, ya wuce tsakuwa, ya wuce marmara, sai diga ta fara tartsatsi. Ya tarar da dutse, baƙi, shimfiɗe wuri guda. A wajenmu idan haka ta faru akwai abin da ake yi tun kaka da kakanni: a zuba itace a gindin rijiya a cinna wuta, ta ci har dutsen ya yi jawur, sannan a kwara masa ruwan sanyi ya tsage. Idan hayaƙi ya fita sai a sauka da guduma. Karan dawa da tsofaffin tayoyi suka fara ƙonawa, ruwan kuma na 'yan garuwa.

Ran Asabar ɗin da na zo, na tarar da Baba a durƙushe a bakin rijiya, fuskarsa sai ƙyalli take. Ya yafito ni. Ya leƙa ya ce da mai haƙa, "Buga masa ya ji." Mutumin ya ɗaga guduma ya sauke. Wallahi ni ma sai da na ƙara matsowa. Dutsen ya amsa kamar ganga, kamar babu komai a bayansa.

Baba ya ce, "Ka ji ko? Rufi ne. Ƙassai bakwai Allah ya halitta kamar yadda ya halicci sammai bakwai, kuma tsakanin kowace da 'yar uwarta akwai sarari, kamar gidan bene. A ƙarƙashin tamu ruwa ne kwance. Kakanka ya gaya min. Da mun huda wannan shi ke nan."

Na ce ban musa ƙassai bakwai ba, ni ma Musulmi ne, amma ba wanda ya ce mana ga yadda aka jera su. Na aika aka sayo dafaffen ƙwai wurin mai shayi, na yanka shi biyu a gabansa. Na ce haka duniya take, ɓawo, sai fari, sai kwanduwa, babu gurbi ko na allura. Dutse ne kan dutse, can ƙasa ya yi zafi har ya yi laushi, a tsakiya kuma ƙarfe.

Ya ce, "Wa ya shiga ya gano?"

Na ce ba wanda ya shiga, amma idan aka yi girgizar ƙasa a wani gefen duniya, na'urori suna jin motsin a ɗaya gefen, kuma daga yadda ya ratso ake gane abin da ya bi ta ciki. Da holoƙo ce, ba haka zai iso ba.

Ya ɗauki rabin ƙwan ya ci abinsa. Ya ce, "Ashe kai ma ji ka yi an ce an ji. Ni kuwa da kunnena na ji."

Mai haƙa da ya fito shan iska ya ƙara rura gardamar. Ya zaro waya ya nuna mana wani bidiyo da aka ɗora wa murya da Hausa, wai akwai ƙofa a ƙarshen duniya, ciki da koguna da itatuwa da wata 'yar rana, har da mutane dogaye. Baba ya ce to ga shi, Turawan nawa ma sun dawo hanya. Raina ya ɓaci, na ce da mutumin ya ji tsoron Allah, aikinsa haƙa ne ba wa'azi ba. Ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Malam." Ba macuci ba ne, shi ma ya yarda da abin har zuciyarsa, kuma wannan ya fi ƙona min rai.

Suka fasa rufin. Abin da ya fito ɓawon dutse ne, bai fi kaurin tafin hannu ba, a ƙasansa kuma wani dutsen ne lafiyayye. Nan na gane abin da ke faruwa. Wutar ce take ɗaga fatar dutsen ta raba ta da uwar, shi ya sa idan an buga take amsawa. Duk wutar da suka hura, su da kansu suke ƙera gangar da za ta yaudare su. Na ɗauki ɓawon na kifa shi a kan wani dutse na ƙwanƙwasa wa Baba, ya ji amon. Ya ce rufin soro ma ai hawa-hawa ake yin sa.

Kara ya ƙare, tayoyi suka ƙare. Sai Baba ya ɗauki gatari. Darbejiyar bakin hanya ta fara tafiya, ban damu ba, don ita tana tohowa. Da na dawo wani satin babu gawon da tumaki suke cin 'ya'yansa. Bayan shi mangwaro biyu da ya dasa da hannunsa, ɗanyu, suna ta hayaƙi ba sa ci sai an zuba kalanzir. Kowace wuta ta ba su ɓawo ɗaya da amon ganga ɗaya, kowane amo kuma ya ci bishiya. Maƙwabta suna wucewa suna cewa Allah ya ba da sa'a, su je gaba su girgiza kai.

Ɗorawa ce ta rage, wadda Inna take tara kalwarta ta yi daddawa. Ranar da na ga ya tsaya yana duban gindinta na kasa daurewa. Na ce, "Baba, don girman Allah ka bar wannan. Ko itacen Kano duka ka ƙona ba za ka huda komai ba. Ƙasar nan a cike take, babu sarari a cikinta."

Sai ya ce, a hankali, "Malamai sun ce ana buɗa wa mumini kabarinsa iyakar ganinsa. Idan a cike take kamar yadda ka ce, ina aka buɗa wa uwarka?"

Tausayinsa ya kama ni. Na ce wannan al'amari ne na gaibu, ba na guduma ba, Allah ba ya buƙatar gurbi kafin ya yalwata wa bawansa.

Ya ce, "To ruwan ma ka bar min shi a gaibun."

Washegari aka sare ta. Ita ce ta fi kowace ci, wutarta har daga kan titi ana hango hayaƙin. Aka kwara ruwa, aka jira, mai haƙa ya sauka ya buga, dutsen ya amsa, ya fasa. Sannan ya turo guga cike da ɓaraguzai da toka, busassu ƙamas. Da ya fito ya naɗe igiyarsa bai kalli kowa ba.

Ruwan fari ya sauka bayan haka ba da daɗewa ba. Ban tuna wa Baba alkawari ba, kunya ta hana ni. Shi ya aiko a kira ni, na tarar ya ɗaure kayansa a buhu, buzun sallarsa a sama.

Mai fuloti ya zo da igiyar awo da yaran aikinsa, mutum mai fara'a da ladabi, har ƙasa ya durƙusa ya gaida Baba. Ya zaga wurin yana tsallake kututture, ya dawo yana murmushi. Ya ce, "Baba, ai kun rage mana aiki, ba bishiyar da za mu tumɓuke." Ya leƙa rijiyar, ya jefa tsakuwa ya saurara. Ya ce wannan ma ba za su cike ta ba, asara ce. Da zurfin nan, idan aka ɗora mata sulab na siminti aka yi masai, duk wanda ya sayi fulotin shi da 'ya'yansa ba za su ga cikarta ba.

Na yunƙura zan yi magana, Baba ya riƙe min hannun riga. Ya ce da mutumin, "Allah ya sa a yi amfani da ita lafiya." Sannan ya tambaye ni a wace kujera zai zauna a motata.