Wutar da Na Raba wa Ƙauye

Wautar da na tafka da furfura a gemuna ta fi duk wadda na yi ina yaro, kuma ba wanda ya aike ni.

Wata tsohuwar babbar mota nake ja tsakanin Bungudu, Gusau da Tsafe. Ni mutum ne mai son a san ya iso. Na jera mata fitilu masu launi har bisa kai, na ɗaura lasifika biyu da fanka, sannan na kafa wani katako mai ramukan cajin waya, don duk ƙauyen da na shiga a kewaye ni ana "Baba direba, taimaka."

Mai gyaran wutar mota a Sabon Gari, wanda ya haɗa mini kayan, sai da ya ja mini kunne. Ya ce altaneta ita ke haifar da wuta in inji na juyawa. Abin da kayan mota suka ci suka rage shi ke komawa batir. In ba su ƙoshi ba kuwa, batirin za su juya su ci.

"Ka auna ragowar, Malam?" ya tambaye ni.

"Na auna."

Ga awon nawa: na kunna komai, na danna totur har ƙasa, fitilu suka yi tar, allurar caji ta miƙe. Ni da ban daɗe a aji ba aka koro ni, na yanke hukuncin wannan wuta har maƙwabta sai su ɗiba.

"A silo hwa? In mota na tsaye tana gunaguni, wutar ba ta kai haka."

"Har a silo," na ce, ina kallon takalmina. Ban gwada ba.

Ranar da asirina ya tonu, tumatirin yayan matata na je ɗauka a fadama bayan Bungudu. Duk wahalar noman raninsa ke nan cikin kwanduna, kuma masu saye na jiransa a Tsafe, za su tashi kafin magariba. Akwai direbobin da suka fi ni, amma ya ce na gida zai ba.

Tun hantsi ake lodi. Na bar mota a silo, lasifika na tashi, fanka na hura kujerar da ba kowa, har fitilun na kunna da rana tsaka don 'yan lodi su gani. Katakon nan kuwa ya cika da wayoyin manoma da na Fulanin rugar kusa. Ina zaune a inuwa ana yi mini godiya, ina amsawa kamar wanda ya gina rijiya.

Da azahar na kashe mota muka yi salla. Na dawo na murza makulli, ta ce ƙyat. Na sake. Ko ƙyat ɗin ban samu ba.

Muka kama turi. Mota da cikakken lodi a cikin yashi, sai ƙara nutsewa take. Wanda muka tura neman batirin aro ya dawo ya ce sai gobe. Tumatirin da ya wuni a rana kuwa ba ya jiran gobe. Kafin la'asar ta yi sanyi jan ruwa ya fara ɗiga ta ƙasan bodi, ƙudaje sun taru.

Na so yayan matata ya zage ni, da na sami abin cewa. Bai yi ba. Ya taka a hankali ya zare wayarsa daga katakona, ya duba fuskarta, ya faɗi maganar da har yau in muka haɗu wurin suna ko jana'iza nake sunkuyar da kai.

"To, alhamdu lillahi, waya dai ta cika, direba. Bari in kira mutanen Tsafe in ce su tahi."