Fayilolin da na canja a kwamfutar Kawu

Kafin shaiɗan ya ja ni, ni mai gyaran waya ne a kasuwar Illela, ina ɗora wa mutane manhaja da karatun Alƙur'ani. Kawuna ɗan kasuwa ne, motocinsa na kai kaya Ƙwanni, tsallaken iyaka. Bai iya boko ba, don haka duk abin da kwamfutar ofishinsa ta yi, ni ake kira.

Da ƙaramin abu na fara, wato ɗora wa mutane manhajar sata. Nan na gane cewa babu mai duba abin da na zuba masa. Wata rana wasu mutane suka same ni a shago, suka ce ba sa son komai sai sanin ranar da motar Kawu za ta tashi da abin da ta ɗauko. Na yarda, na canja wasu fayiloli a kwamfutarsa, ta riƙa turo mini duk abin da aka rubuta, ni kuma ina miƙa musu. Har manhajar da ke binciken fayilolin na taɓa, ta yadda ko an tambaye ta sai ta ce lafiya lau.

Sau biyu ana tare mota a hanya. Kawu ya zargi direbansa, Ɗan'asabe, wanda ya yi masa tuƙi tun ina goye. A gabana aka kore shi, yana rantsuwa yana hawaye. Ni kuwa na sunkuyar da kai ina latsa waya.

Asirina ya tonu ne da Hadiza, 'yar Kawu mai karatun kwamfuta a Sakkwato, ta zo hutu, ta ce za ta duba kwamfutar ofishin. Na nuna mata binciken ya ce komai daidai. Ta ce ai ba a auna hatsi da mudun mai sayarwa kaɗai. Ta tayar da kwamfutar da nata filashi, ta gwada hatimin kowane fayil da na asali daga kamfanin da ya yi manhajar. Waɗanda na taɓa suka fito fili, har da lambar da suke aika wa saƙo. Lambata ce.

Kawu bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Ɗana, mi na yi ma?" Daga baya maganar ta kai kotu, aka ɗaure ni.

Da na fito daga gidan yari, Amarawa, garin su Ɗan'asabe, na fara zuwa. Na tarar da shi yana tura kurar ruwa, babu wanda ya sake ba shi mota. Na durƙusa, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya ce, "Na yahe ma. Amma ɗiyana, har yau ɗiyan ɓarawo aka ce musu makaranta."

Matasa, na tuba, Allah ya yafe mini. Kada ku ɗora manhajar da ba ku san tushenta ba, kuma ku bincika na'urarku da abin da bai fito daga hannun wanda ya ɗora muku ba. In an ba ku amana, ku riƙe ta. Hadiza ta gyara kwamfutar nan a wuni ɗaya. Sunan Ɗan'asabe kuwa, gida-gida nake bi ina gaya wa mutane ni ne ɓarawon, kuma har yanzu ban gama ba.