Orval da Agogon Yadi Arba'in

Shekara talatin da ɗaya Orval Pettway ya yi yana kallon ƙafafun maza, kuma da wannan ya ci abinci. Tun yana da gashi a ka wata ƙungiyar ƙwallon Amurka ta ɗauke shi aikin nemo mata 'yan wasa. Yakan bi garuruwan Alabama da Mississippi a tsohuwar motarsa, ya duba samarin da ke rungumar ƙwallo su kutsa cikin ƙarti, ya dawo ya ce wane zai yi, wane ba zai yi ba. Shi ma ya taɓa bugawa, har wani ƙato ya faɗo masa a gwiwa yana ɗan shekara ashirin da biyu. Tun daga nan yake ɗingishi. Matarsa Loretta takan ce ya fi sanin gwiwoyin 'ya'yan mutane a kan ranar haihuwar nasa 'ya'yan, kuma ba sharri ta yi masa ba.

Shi ba ruwansa da faɗin ƙirji. Yadda mutum ke tashi bayan an maka shi da ƙasa yake kallo. Wani ya miƙe zumbur, wani kuwa sai ya saci kallon benci ko za a ji tausayinsa a canza shi. Amma wa ke tambayar wannan yanzu? Sai a tuɓe samari, daga su sai gajeren wando, a auna tafin hannu, a auna cinya, kamar shanu a kasuwa. Sannan a sa su gudun yadi arba'in a miƙe, ba ƙwallo, ba mai tarewa. Tir! A wane wasa aka taɓa buɗe wa mutum hanya har yadi arba'in ya wuce salin-alin?

Wata ranar Agusta, ana zafi kamar a gasa mutum, gurbi ɗaya ya rage a ƙungiyar. Ko a bar wa Tavarius Mabry, wanda Orval ya tsinto da kansa a wani ƙauye shekara bakwai da suka wuce, ko a ba wani sabon yaro mai gudun tsiya da ke runtse ido in ya ga ƙato ya nufo shi. Colby Rasmussen, sabon manaja, wanda bai taɓa shan duka a fili ba, shi zai yanke.

"Dattijo, riƙe agogo," in ji Colby. "In Tavarius ya wuce daƙiƙa huɗu da ɗigo shida, ya tattara nasa ya nasa."

"Mutumin da ya ɗaukar muku ƙwallo sau dubu da wani abu?"

"Ai shi ya sa. An tatse shi, me ya rage? Shekararsa ashirin da tara fa."

Orval ya ja tsaki. Ashirin da tara wai tsufa! Takalmin da ke ƙafar Orval ɗin ma ya kusa kai haka.

Kowa a sana'ar ya san agogon hannu na bin son ran mai riƙe shi. In kana son yaro, sai ka danna da wuri kaɗan, ba mai ganewa. Abokan aikinsa duk suna yi. Orval ne kawai bai taɓa ba, shi ya sa Colby bai ma sa wani ya riƙe agogo na biyu ba. Ya koma inuwa abinsa yana shan shayi mai ƙanƙara.

Tavarius ya durƙusa, ya ɗaga wa Orval gira, ya cilla. Ya yi gudu iya ƙarfinsa, Allah ya sani. Yana tsallake layi yatsan Orval ya danna, daidai wurin da ya saba dannawa shekara da shekaru. Huɗu da ɗigo bakwai.

"Nawa?" Colby ya ɗaga murya daga inuwa.

Ba wanda ya ga fuskar agogon sai Orval. Ya buɗe baki da niyyar cewa shida, wallahi da niyyar. Sai ya ji kansa yana cewa, "Bakwai."

Bayan awa ɗaya suka haɗu da Tavarius a wajen ajiye motoci. Tavarius na riƙe da baƙar ledar shara, irin wadda ake ba duk wanda aka sallama ya zuba kayansa. Shekara bakwai, a ledar shara!

"Baba Orval, bakwai ɗin gaske ne?"

"Gaske ne, ɗana."

"To, shi ke nan. Da wani ne ya faɗa, da sai mun kwashi 'yan kallo yau. Amma kai ba ka ƙarya." Ya rungume shi da hannu ɗaya, ya jefa ledar a bayan mota, ya tafi.

Orval ya tsaya nan yana jin ƙyamar Colby, da sana'ar, da kansa fiye da duka. Har yau yana aikin. Ana yabonsa cewa bai taɓa rage wa kowa ko ɗigo ba, kuma in aka faɗi haka a gabansa, sai ya tashi ya bar wurin.