Muryar tsohuwa a kwamfutar gwanjo

Jama'a, ku ji inda kwamfutar gwanjo ta kai ni yau!

Da safe na saye ta a wani shago a titin Fordham Road don aikin makaranta. Ina kunnawa, ashe ba a goge ma'ajiyarta ba! Hotuna fal. Na danna wani fayil, sai muryar wata tsohuwa ta fito daga sifika tana waƙar coci da Hausa.

Na koma shagon. Mai shagon, mutumin Nijar, ya ce, "Madam, goge kawai."

Na ce, "Malam, uwar wani ce fa. Sai na nemo mai ita."

A wani hoto na gane wani bene na titin Grand Concourse. Na rungumi kwamfutar na nufi can. Ƙofa-ƙofa na bi, har hawa na biyar! Wani magidanci ya buɗe, shi ne wanda na gani a cikin hotunan! Na kunna masa muryar.

Sai ya zauna daɓas a ƙasa. Ya ce, "Mamana ce. Bara ta rasu a Jos, kuma aka sace kwamfutar a motata. 'Yar'uwa, don Allah sake kunna mini."