Kakanni Tara, Huɗu Suka Rage

Yau shekara bakwai ke nan da yayana Illo ya faɗo daga saman gini a Dir'iyya, a ƙasar Saudiyya. Ina ƙasa ina kwaɓa siminti. Kafin a kai shi asibiti ya cika.

Mu Gobirawa ne daga wani ƙauye kusa da Maraɗi. Ni da shi muna da tsagar gidanmu, shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. Illo ya fi ni da abu guda: ya san kakanninmu tara a jere, da garin da kowanne ya baro, da dalilin barinsa. Wajen kakarmu ya koya. Ni lokacin ina bin awaki.

A wajen aikin akwai wani injiniya Bature, mutumin Sikotlan. Wata rana ya nuna mana ƙyalle mai ratsin kore da ja, ya sa direbansa ya fassara mana cewa a ƙasarsu kowace zuri'a da irin saƙarta, da ita ake gane ɗan gidan wane. Illo ya juya ƙyallen, ya mayar masa, ya shafa kuncinsa. Ya ce a gaya masa namu ba ya koɗewa a wanki. Baturen ya yi dariya har da riƙe ciki.

Tun ranar Illo ya matsa mini in haddace sunayen. Yana ɗaura ƙarfe yana jero su. Na gaji, na ce kakanni ba sa sabunta wa mutum iƙama, takardar izinin zama. Bai yi fushi ba. Cewa ya yi, "Ƙanena, kai ne na biyu kuma na ƙarshe a gidanmu. Riƙe." Na ce sai Juma'a. Juma'o'i da yawa suka wuce.

Da-na-sani ƙeya ce. Watan jiya 'yarsa Hadiza ta haihu, namiji. A Riyad aka haife ta, fuskarta ba tsaga, Larabci ya fi zama a bakinta. Ta kira ni ta ce tana son sunan kakan da ya fara kafa gidanmu, na tara ɗin, wanda babanta ke yawan faɗa. Na ƙirga a yatsu: Ɗan Jimo, Mayaƙi, Bawa, Nomau. Nan na tsaya. Na buga waya ƙauye. Tsofaffin sun ƙare, matasan ma ni suke tambaya.

Hadiza ta ce, "Baba, ko harafin farko?" Na ce babu.

Ban san me Illo zai ce da Dir'iyyar yau ba. Ana tayar da tsofaffin gidajen ƙasa, ana kawo baƙi su ga inda kakannin wasu suka zauna. Ina jin zai yaba, sannan ya juyo ya dube ni. An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Shi bai bari ba, a kansa ya ɗauko shi. Ni na yar. A maƙabartar nan kuma ba a rubuta suna, dutse kawai ake sawa. Bara na je, ban gane nasa ba.

An raɗa wa jaririn Illo. Na ce wa Hadiza ta rubuta huɗun, ta ƙara da mahaifinta, su zama biyar. Daga nan za su fara ƙirga.

Ina unguwar Jaradiya a Riyad, a ɗakin da muka zauna tare da Illo. Ƙarfin hawa gini ya ƙare, gadi nake yi. Tsagar na nan a fuskata. Ba wanda ya iya karanta ta a layinmu.